Rumfar Amalanke

Duk ƙasar Katsina babu inda noma ya ke da albarka kamar kudancinta, watau tun daga Malumfashi, garin Galadima, a bi ta Ƙafur da Bakori da Danja, har a kai Funtuwa ta Sarkin Maska, a zarce Dandume. Tun zamanin Turawa audugar wannan wuri ta yi suna, har kamfanin B.C.G.A. ya kafa gidan gurzar auduga a Funtuwa, hanyar jirgin ƙasa kuma ta taso daga Zariya ta ratsa garin, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. A wajen 1928 ne Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu. Da aka kafa babban aikin gona na Funtuwa a 1975, da taimakon Bankin Duniya, sai masara da takin zamani suka game ƙauyuka, kayan ɗauka suka ƙaru ƙwarai.

To, wanda ya mallaki shanun huɗa, abin da zuciyarsa ta kan ɗarsa masa na biyu shi ne amalanke. Da shi a ke kai taki gona, da shi a ke kwaso amfani, da shi a ke zuwa kasuwa. A ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, shi ne kuma motar asibiti. Amma yana da aibi guda, ba shi da rufi. Da rani wannan ba ya damun kowa. Da damina kuwa, in hadari ya tarar da mutum a hanya ɗauke da buhunan taki, farin nan da a ke kira yuriya narkewa ya ke yi kamar gishiri. Masarar da aka karyo da wuri, in ta jiƙe ta kwana a tare, sai ta yi fumfuna, ba ta ciwuwa, ba ta sayuwa. Akasarin masu amalanke tamfol su ke yafawa. Tamfol kuwa rana tana cinsa, ƙaya tana yagarsa, iska tana ɗage shi daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

A wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Bakori akwai wani manomi, magidanci ne mai shanu biyu da amalanke ɗaya, yana kuma ɗan taɓa aikin kafinta da rani. Da girmansa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya fito ya iya karatu da rubutu da lissafi daidai gwargwado. Wata damina ya yi asarar buhu biyu na taki a hanya. Wata daminar kuma ya ɗauki matar maƙwabcinsa tana kan gwiwa zuwa asibiti cikin dare, ruwa ya dake su, mata biyu suna riƙe da tabarma a kanta har suka isa. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma abin bai fita daga ransa ba. Ya yi tunanin kwanon rufi, sai ya ga taki yana sa kwano tsatsa, girgizar hanya tana buɗa ramin ƙusa, bakinsa yana yanka, ga kuma ƙarar ruwa a kansa tana firgita shanu.

Bayan kaka sai ƙanensa ya zo ganin gida. Shi wannan ya shekara da yawa a Legas yana aiki wurin masu ƙera jiragen ruwa. Suna hira a zaure da dare, manomin ya kawo masa zancen. Ƙanen ya ce, "Yaya, ai wannan ciwo naka shi ne ciwon masu jirgin iska." Ya ba shi labarin ƙananan jiragen teku waɗanda a kan ɗaura wa babban ƙyalle iska ta riƙa tura su. Wurin da matuƙi ya ke zama a buɗe ya ke, saboda haka a kan yi masa rumfar tamfol. Rana da gishirin teku su kan cinye ta cikin 'yan shekaru, zaren ɗinkin ya ruɓe, a sake sabuwa. In mutum ya ce zai ba kamfani ya yi masa rumfa mai tauri, kuɗin ya kan yi yawa, gama ko wane jirgi da irin ƙirarsa, sai an auna shi shi kaɗai. Don haka da yawa daga masu jiragen su kan tuɓe riga su yi abarsu da kansu a bayan gida, da zaren gilashi.

Mai karatu zai ce, yaya a ke yin zare da gilashi? Narkar da gilashin a ke yi, a ja shi ta ƙananan ƙofofi, ya fito siriri fiye da gashin kai. In ya kai wannan siranta ba ya fashewa, lanƙwasuwa ya ke yi. Sai a yayyanka shi a baje, ya zama kamar farar tabarma, a naɗe a sayar. A Amurka aka fara yinsa da yawa, inda aka kafa kamfanin Owens-Corning a 1938. A 1942 kuma wani mutumin garin Toledo, ana ce da shi Ray Greene, ya ƙera ƙaramin jirgin iska da shi. Zaren shi kaɗai ba shi da tauri. Sai an jiƙa shi da wani ruwan ƙaro mai kama da zuma, wanda a ke ɗiga wa maganin daskarewa. In sun haɗu sun bushe, sai su zama abu guda mai ƙarfi, marar nauyi, ruwa ba ya ratsa shi, ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa. Misalinsa misalin ginin ƙasa ne: laka ita kaɗai tsagewa ta ke yi, ciyawa ita kaɗai ba ta tsayuwa, amma in an cuɗa su sai su ɗauki soro. Masu gyaran jikin mota a Kano da Kaduna suna aiki da shi, su faiba su ke ce masa.

Manomin ya ce, "To, ka tsaya ka yi mini mana." Ƙanen ya ce, "Yaya, hutuna kwana bakwai ne. Kuma in na yi maka, ran da ta fashe sai ka jira ni shekara. Ɗauko littafinka, in faɗa ka rubuta." Suka yi dare uku a kan haka, ɗaya yana faɗa, ɗaya yana rubutawa, har aka cika shafi tara. Abin da ƙanen ya fi nanatawa shi ne, "Ruwan ƙaron nan ba ya jiran kowa. Daga sa'ad da ka ɗiga masa magani, abin da ke hannunka minti 15 ne zuwa 20. Saboda haka duk wani tunani a gama shi kafin a buɗe gwangwani."

Da ƙanen ya koma, manomin ya zauna ya yi lissafi. Tsawon amalanken ƙafa 7 ne, faɗinsa ƙafa 4. Ya ƙara rabin ƙafa ko wane gefe don feshin ruwa, rumfa ta zama ƙafa 8 da ƙafa 5. A littafinsa an rubuta cewa rufi irin wannan yana son shimfiɗa uku ta tabarmar zaren, ko wane kilo ɗaya na zare kuma yana shan ruwan ƙaro wajen kilo biyu da rabi. Lissafi ya ba shi kilo 5 na zare, da kilo 12 da rabi na ƙaro, ya ƙara kaɗan saboda haƙarƙarin rumfa da ɓarna. Duka rumfar za ta tsaya wajen kilo 20, watau ba ta kai rabin buhun taki ba, gama buhu kilo 50 ne. Wannan ya kwantar masa da rai game da wuyan shanunsa.

Kuɗin kayan kuwa sai da ya sayar da masara daga cikin wadda ya ajiye don sayen taki. Uwargida ta ce, "Malam, yanzu kuɗin takin ne za ka kai birni ka sayo ruwa a gwangwani? In bai yi ba fa?" Ya ce, "In bai yi ba, bana gonar fadama sai takin gida." Ba ta ƙara magana ba, amma kowa a gidan ya san abin da aka jingina. A Kano ya sayo kayan. Bai biya ba sai da ya sa aka buɗe gwangwanin ya ga ƙaron yana zuba sumul, domin an gargaɗe shi cewa wanda ya daɗe a kanti ya kan yi kauri da gudaji, ba ya jiƙa zare.

Aikin farko shi ne mazubi. Zaren gilashi ba shi da siffa tasa, siffar abin da aka shimfiɗa shi a kai ya ke ɗauka, kamar yadda bulo ke ɗaukar siffar akwatin da aka buga shi. In mazubi ya karkace, rumfa ta karkace har abada. Ya yanka katako huɗu, ko wanne ƙafa 5, ya fafe tsakiyarsu ta zurma inci 3. Ya jera su a ƙasa mai daidai, ya lanƙwasa fallen fulawud marar kauri a kansu ya buga, abin ya fito kamar kwami marar zurfi. Watau a kife za a gina rumfar, bayanta yana kallon ƙasa. Amfanin wannan doro biyu ne: ruwa ba ya kwanciya a kai, sa'an nan abu mai doro ya fi shimfiɗaɗɗe ƙarfi, shi ya sa magina ke ɗaura wa soro baka. Ya kewaye bakin mazubin da katako mai tsayin inci 2, don rumfar ta sami leɓe mai saukowa. Lungunan ya cike su da laka ya shafe, gama zaren ba ya son kusurwa mai kaifi, ɗagowa ya ke yi ya bar iska a ƙarƙashi. Daga ƙarshe ya shimfiɗa leda ya ja ta sosai, ba ko tattara ɗaya, domin ƙaron ba ya kama leda.

Wannan shiri kaɗai ya ci kwana shida. Masu wucewa su kan tsaya su ce, "Malam, jirgin ruwa za ka ƙera a tudu?" Ya kan yi murmushi ya ce, "Ku dai bari damina ta zo." Wani tsohon kafinta na garin ya zo ya duba, ya miƙa zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ya sake miƙa shi ta ɗaya ɓangaren, ya ce, "Ɗana, ɗayan ya fi ɗaya da inci guda." Manomin ya ce, "Na gode, Baba," ya zare ƙusoshi ya gyara.

Ya zaɓi lokacin da hazo ya janye, ruwa bai sauka ba, gama ƙura tana manne wa ɗanyen ƙaro, laima kuma tana hana shi bushewa da kyau. Kafin babban aiki ya ce sai an yi gwaji a ɗan falle. Ranar gwajin ya tafi jana'iza, bai dawo ba sai da rana ta take. Babban ɗansa, saurayi mai zafin nama, ya ga zai sauƙaƙa wa ubansa, ya zuba ƙaro ya kusa kilo biyu a gwangwani, ya antaya magani da ka, ba awo, ya ajiye a rana. Kafin a shimfiɗa zare gwangwanin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ya fara hayaƙi, ƙaron ya daskare ya tsattsage, da buroshin a ciki. Dalili kuwa, shi wannan ƙaro zafi ya ke fitarwa sa'ad da ya ke daskarewa, zafin kuma yana ƙara masa sauri. In yana da yawa a wuri mai zurfi, zafin ba ya samun hanyar fita. Uban ya dubi gwangwanin, ya dubi yaron, ya ce, "Ɗauko littafin, karanta shafi na huɗu da ƙarfi." Yaron ya karanta: kilo ɗaya a lokaci guda, a faranti mai faɗi, a inuwa, magani kashi ɗaya cikin ɗari, watau awo 10 na sirinji, in da sanyin safiya a ƙara kaɗan, amma kada ya wuce kashi biyu.

Asarar ta cinye rarar da aka sayo, babu sauran wurin kuskure. Daren nan manomin ya yanka zaren shimfiɗa uku, ya gwada ko wanne a mazubi, ya rubuta masa lamba, ya jera. Ya auna ƙaro kilo-kilo a sikelin da ya aro wurin mai sayen auduga. Ya tanadi buroshi uku, da safar hannu, da tabarau, da ƙyallen rufe hanci, da ruwa a bokiti. Maganin daskarewar nan mugun abu ne, in ya faɗa ido yana iya makantarwa, saboda haka ya hana yara kusantar wurin. Warin ƙaron yana sa jiri, yana kuma kama wuta, don haka a rumfar ƙofar gida aka yi aikin, inda iska ke ratsawa, nesa da murhu.

Da aka sallame sallar asuba suka fara. Ɗan yana haɗawa, uban yana shafawa. Ya fara shafe ledar da ƙaro, ya ɗora shimfiɗa ta fari, ya riƙa dandanna ta da kan buroshi, ba ja ba, domin ja yana tattara zaren. Alamar da ya ke bi ita ce launi: busasshen zare fari ne, in ya sha ƙaro sai farin ya ɓace, a riƙa ganin abin da ke ƙasa. Duk inda fari ya rage, iska ce ta maƙale, nan ne kuma rumfa za ta fara rauni. Ya bi su ɗaya ɗaya yana korarsu zuwa baki. Inda falle biyu suka haɗu ya ɗora ɗaya a kan ɗaya inci 2, bai kuma bari mahaɗin shimfiɗa ta biyu ya faɗa kan na ta fari ba, kamar yadda magini ba ya jera mahaɗin tubali a layi ɗaya. Bai bar ƙaro ya taru a tsakiyar kwamin ba, gama ƙarfin yana ga zaren, ƙaron da ya yi yawa nauyi ne kawai da saurin fashewa. Kafin hantsi ya yi zafi sun gama shimfiɗa uku.

Kashegari aka yi haƙarƙari. Fallen da aka zuba kaurinsa bai wuce na kwali mai kauri ba, in an bar shi haka zai riƙa lotsawa. Ya tsaga bututun roba gida biyu, ya kifa guda huɗu a gicciye, ya goge wurin da samfefa, ya lulluɓe su da zare shimfiɗa biyu. Ba bututun ne ke riƙe rumfar ba, siffar da ya ba zaren ce. A kusurwa huɗu ya binne guntayen katako mai tauri, inda za a huda a sa noti, domin in an ɗaure noti a fallen kaɗai, girgizar hanya za ta yage shi. Suka bar ta kwana biyu. A rana ta uku suka sa ƙananan itatuwa a baki suka ɗaga a hankali, ta saki mazubin, aka juya ta, bayanta sumul. Ya datse bakin da zarto, ya goge, sanye da riga mai dogon hannu da hanci a rufe, gama ƙurar tana sa ƙaiƙayi, ba ta kuma da kyau ga huhu. Sa'an nan ya shafe ta da farin fenti, don rana tana cin ƙaron da ba a rufe ba, fari kuma yana rage zafi.

Saura ɗorawa. Mai walda ya yi masa ginshiƙai huɗu na bututun ƙarfe, ko wanne yana shiga cikin gurbi a jikin amalanken, a ɗaure da noti. Ta haka mutum biyu su kan sauke rumfar ran da za a yi lodin kara ko auduga mai tsayi. Ya lura da abu biyu. Na ɗaya, ya sa tsakiyar rumfar daidai kan ƙafafun amalanke, gama in nauyi ya rinjaya gaba karkiya ta danne wuyan shanu, in ya rinjaya baya ta shaƙe su. Na biyu, bai ɗaga ta ba sai gwargwadon yadda mutum zai zauna a miƙe, saboda rassan itatuwa da iskar farkon damina. A gefe ya rataya tsohon tamfol ɗinsa a ƙarƙashin leɓen, ya zama labule.

Da ruwa ya sauka, rumfar ta yi aikinta. Taki ya isa gona a bushe, masara ta iso gida a bushe. Waɗanda suka yi zancen jirgin ruwa suka fara zuwa aro, in dare ya yi kuma wani gida ya shiga larura, ƙofarsa a ke fara bugawa. A damina ta biyu reshen ɗorawa ya faɗo mata, ta tsage wajen taƙi guda. Bai aika Legas ba. Ya jira rana ta fito wurin ya bushe, ya goge kewayen tsagar, ya yanka zare falle uku, ko wanne ya fi na ƙarƙashinsa faɗi, ya haɗa ƙaro rabin kofi, kafin azahar ya gama. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Wanda ya gina ɗakin da hannunsa kuwa ya fi wannan, gama ya san yadda zai toshe.

Ba kowa ne wannan aiki ya dace da shi ba. Wanda amalankensa ba ya fita sai da rani, tamfol ya ishe shi. Wanda ba shi da haƙurin awo, gara ya bar kuɗinsa a aljihu, gama ƙaro ba ya karɓar ban haƙuri. Amma mutum uku ko huɗu masu amalanke iri ɗaya suna iya haɗa kai su yi mazubi guda, su sayo kaya tare, ko wanne ya zuba tasa, wahalar kwana shidan nan ta rabu a tsakaninsu. Wanda ya yi niyya, ya fara da ɗan falle kamar faifai, ya ga yadda zare ke shan ƙaro, ya duba agogo ya ga minti nawa ya ke ɗauka a inuwar gidansa, ya rubuta. In ya ga hannunsa ya faɗa, sa'an nan ya auna amalankensa. Allah ya sa a dace, amin.